Hukuncin Ruwan Rini Da Masaƙu Ke Zubarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya ruwa abin tsarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, darasin wannan mako a kan ruwan da masaƙun zamani ke zubarwa ne bayan sun gama rini.

Malaman Malikiyya sun ce ana gane halin ruwa da abu uku: launi, da ɗanɗano, da ƙanshi. Idan abu mai tsarki, kamar shuni ko sabulu, ya sāke ɗayansu, ruwan bai yin alwala ko wankan ibada, amma ana iya aikin al'ada da shi. Idan najasa ce ta sāke shi, to bai yin ko ɗaya. Ruwan masaƙa kuwa yana fitowa da launi, da gishiri, da magungunan wanke zare. Ko da babu najasa cikinsa, akwai cuta, domin yana kashe kifi, yana ƙone ƙasar fadama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. To, ina ga mai sakin dubban ganguna cikin kogin da jama'a ke sha, kamar Kogin Chalawa da ke maƙwabtaka da masana'antun Kano?

Gyaran wannan ruwa hawa-hawa ne. Da farko a tace shi, a tara shi a tafki, a zuba masa alif don dauɗa ta kwanta. Sa'an nan a bar waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye sauran ƙazantar. Daga ƙarshe a matsa shi ta wata rariya mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, wadda ke tare gishiri. Ruwan ya koma aiki, gishirin ya koma rini.

An gwada wannan a garin Tirupur na ƙasar Indiya. A 2011 Babbar Kotun Madras ta rufe marinan garin saboda ɓata Kogin Noyyal, har sai sun daina sakin ko ɗigo. Magabatan marina a ƙasar Hausa ma ba su zubar da katsi, laso suke yi da shi.

Shin ruwan da aka gyara ya tsarkaka? A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Saudiyya ta yi fatawa cewa idan an tace shi har launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa suka koma asali, ya zama mai tsarki.

Saboda haka mai masaƙa ba shi da hanzari. Kuɗin gyaran ruwa bashi ne a wuyansa, idan ya ƙi biya, manomi da masunci ne za su biya da lafiyarsu, haƙƙinsu kuma yana jiransa ranar hisabi. Allah Shi ne Masani.