Tsamin 'Ya'yan Itatuwa Da Fatar Ɗan Adam

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san tsami tun yana ƙarami. Da tsamiya ake dama mana kunu, da ita kuma iyayenmu mata ke wanke tasa da kayan tagulla su yi ta walƙiya. Zoɓo kuwa ba a maganarsa, don kuwa manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari na cikin waɗanda ke nomansa a ke lodinsa buhu-buhu zuwa ƙasashen waje. Ga kuma lemon tsami da ake kasawa a kasuwar Maigatari ran Alhamis. To, a 'yan shekarun nan waɗannan kayayyaki sun tashi daga madafa sun koma gaban madubi. 'Yan mata, har da samari, suna matsa lemon tsami a fuska wai don kuraje su mutu, tabo ya goge, fuska ta yi haske. Abin da ya kamata ɗalibi ya tambaya shi ne, shin me tsami ke yi wa fata?

Abin da ke sa harshe ya ji tsami wani sinadari ne da malaman kimiyya ke kira asid, kuma iri-iri ne. Na lemon tsami shi ne sitirik, na tsamiya tatarik, na tuffa malik. Zoɓo ya haɗa fiye da ɗaya. Akwai 'yan'uwansu biyu da ba daga 'ya'yan itace suka fito ba amma ana lissafa su tare, watau laktik na cikin nono da gilaikolik da ake samu a rake. Wani masani mutumin Suwidin, Carl Scheele, shi ya fara ware yawancinsu: na tatarik a 1769, na nono a 1780, na lemo a 1784. A jikin kwalaben shafe-shafe ana taƙaita sunan wannan dangi da haruffa uku, AHA.

Fatar mutum hawa-hawa ce. Can ƙasa ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa turo na sama, har su iso waje sun mutu sun bushe. Wannan tafiya takan ɗauki kamar mako huɗu. Matattun ƙwayoyin nan ba banza ba ne, su ne katangar da ke tsare ruwan jiki kada ya ƙafe, ta kuma hana cuta shiga. Sai dai in suka taru da yawa, kamar yadda kan faru da hunturu, sai jiki ya yi furu-furu, ƙafa ta yi kaushi. Aikin asid shi ne ya sassauta abin da ya manne su da juna, su zube, ta ƙasa mai laushi ta bayyana. Masana biyu na Amurka, Eugene Van Scott da Ruey Yu, su suka nuna haka a 1974, lokacin da suke neman maganin wata cuta mai sa fata ta yi ɓawo kamar na kifi. Ashe ke nan masu cewa tsami na gyara fata ba ƙarya suke yi ba.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Magani da guba, awo ne ya raba su. Ana auna ƙarfin tsami da ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuwa, irin su kanwa da toka da sabulu, kishiyar tsami ne. Fatar mutum lafiyayye tana wajen 5. Ruwan lemon tsami yana wajen 2. Mai karatu zai ce ai tazarar uku ce kawai. Ba haka lissafin yake ba. Kowane taki ɗaya ninki goma ne, saboda haka daga 5 zuwa 2 goma ne sau goma sau goma, watau ninki 1,000. Shi ya sa masanan da suka binciki kayan shafe-shafe a Amurka suka ce man da za a sayar wa jama'a kada asid ɗinsa ya wuce kashi 10 cikin 100, kada kuma pH ɗinsa ya yi ƙasa da 3.5. Lemon da aka tsinko daga bishiya ba wanda ya auna shi, wani ma ya fi wani tsami.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofi uku na gilashi. A bar na farko yadda yake. A matsa lemon tsami a na biyu, za a ga jansa ya ƙara fitowa. A ɗiga ruwan kanwa a na uku, nan take zai juye ya yi duhu, ja ya ɓace. Launin zoɓo ke nan yake faɗa mana inda ma'auni ya karkata. Iyayenmu da ke jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami sun daɗe suna wannan darasi ba tare da allo ba.

Babban haɗarin ma ba tsamin ba ne, rana ce. In an kankare saman fata, an rage mata inuwa ke nan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa an gwada, aka ga bayan mako huɗu ana shafa irin wannan asid, saurin ƙunar rana ya ƙaru da kashi 18 cikin 100. A 2005 ta shawarci masu yin man su rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa a guji rana lokacin da ake shafawa, har mako guda bayan an daina. To, in an ja kunnen mutanen ƙasar sanyi, ina ga mu da zafin bazara kan haura digiri 40, ga tafiya makaranta a ƙasa, ga ɗibar ruwa, ga gona?

Lemon tsami yana da wani sharri nasa na dabam. A ɓawonsa da ruwansa akwai wani sinadari wanda ba ya yin komai sai hasken rana ya taɓa shi. Da sun haɗu sai ya ƙona fata. Ba a gani nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, wani lokaci ya ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta, daga baya ya bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni. Baƙar fata irin tamu kuwa haka halinta yake: duk inda aka ji mata ciwo, sai ta ƙara zuba baƙi a wurin. Yarinyar da ta shafa lemo don neman haske, sau da yawa dabbare-dabbare take samu. Daga nan wata ƙawa ta nuna mata man bilicin don ta goge tabon, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2011 cewa wasu mayukan nan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. A ganina wannan ita ce hanya mafi muni da lemo guda na naira kaɗan ke iya kai mutum.

Masu gyaran amare da dilka da halawa, sana'ar da aka fi sanin matan Barno da na Sudan da ita, su ma suna sa lemo a halawa. Amma dafa shi ake yi da sukari, a manna a ɗaye, a wanke, amarya kuma tana ɗaka ba ta fita rana.

Wanda kaushin hunturu ya dame shi, ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya goge, ya shafa man kaɗanya. Wanda ya sayi mai mai haruffan AHA, ya duba lambar NAFDAC da yawan asid ɗin, ya fara gwadawa a cikin damtse ya jira kwana biyu. In ba raɗaɗi, ya shafa da dare, ba kullum ba, ba kusa da ido ba, ba a kan kurji mai jini ba. In lemo ya taɓa hannu ko fuska, a wanke da sabulu kafin a fita rana. Makero da ƙyasbi kuwa ƙwayoyin cuta ke kawo su, maganinsu yana asibiti.