Darasin lafiya: ƙurajen gindin jinjiri

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce awo 40. Uwa tana aiki a lambun Jiratawa ko tana cin kasuwar Tibiri, jinjiri yana goye tun safe, tsummansa jiƙe. Fitsari da kashi da gumi suna cin fatarsa. Sai gindi da matsematsi su yi ja, su saluɓe, yaro ya yi ta kuka. Zawo yakan ƙara tsananta abin.

Ga abin yi:

1. A canja tsumma ko famfas da zarar ya jiƙe.
2. A wanke wurin da ruwa mai tsabta, a tsane shi a hankali, ban da gogawa.
3. A bar yaro tsirara a inuwa, wurin ya sha iska.
4. A shafa basilin, ko man zinki na farmasi, ko man kaɗe mai tsabta. Man yana tsare fata daga fitsari.
5. A wanke tsumma da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana.

Kada a barbaɗa hoda. Kada a shafa man bilicin ko maganin ƴan talla.

In kwana 3 sun wuce babu sauƙi, ko mugunya ta fito, ko jiki ya yi zafi, ko farin abu ya bayyana a bakin yaro, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Maigida, sayen sabulu da mai aikinka ne. Rigakafi ya fi magani.