Amsar Tambaya: An Ɗaure Ƙanena Kan Laifin Da Bai Aikata Ba

Tambaya: Babbar kotun jiha ta ɗaure ƙanena shekara 10 kan fashi, alhali ranar yana gona. Wani ɗan siyasa ya ce zai sa gwamna ya yi masa afuwa. In jira?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo mafita, amma kada ki zauna jiran ɗan siyasa. Kwana 90 doka ta ba shi ya kai ƙararsa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma tun ranar hukunci ake ƙirgawa. In wa'adin ya wuce, lauya zai roƙi ƙarin lokaci, sai dai dole ya kawo dalili mai ƙarfi. Ki fara karɓo kwafin hukuncin daga magatakardar kotu, ki rubuta sunayen waɗanda suka yi noma da shi ranar. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tana tsaya wa marasa hali kyauta.

Gaskiya ne sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa, bayan shawarar kwamiti. Ki nema, ba laifi. Amma afuwa alfarma ce, ana iya yi ko a ƙi, kuma ba ta cewa bai yi ba. Kotu kaɗai ke wanke shi.