Komawa Kantunan Rahusa: Yadda Magidancin Lugbe Zai Auna Ribar Cefanensa

Garin Lugbe ya shimfiɗu ne dama da hagun babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya tashi daga ƙofar birnin Abuja ya nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Da yawa daga mazaunansa ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanoni da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda tsadar haya ta hana su zama a cikin birni. Kowace safiya sukan kama hanyar Garki da Wuse da Maitama, su dawo da almuru. Saboda haka albashin magidancin Lugbe yana da manyan ƙofofin fita guda uku: haya, kuɗin mota da cefane. Haya da kuɗin mota ba su cika karɓar tayi ba, don haka a kan cefane ne akasari ake neman sauƙi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi kan yadda iyalai suka kashe kuɗinsu a shekarar 2019 ya nuna cewa abinci ne ya ci fiye da kashi 56 cikin 100. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan Yunin wannan shekara, lamarin ya ƙara tsanani, har hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yuni na 2024. Farashin wasu kayan hatsi ya sauko a 2025, amma ɗabi'ar da matsin ya koya wa masu saye ba ta gushe ba: suna kwatanta farashi, suna barin kantin da suka saba domin wanda ya fi araha. Abin da ya kamata a bincika shi ne, a wane hali wannan ƙaura take rage kashe kuɗi da gaske, a wane hali kuma take zama ɗaukar wahala kawai.

Mene ne kantin rahusa?

Ba kowane kanti da ya manna takardar rangwame a ƙofarsa ne kantin rahusa ba. A ilimin kasuwanci, sunan yana nufin kantin da aka tsara shi tun daga tushe don rage kuɗin gudanarwa, sa'an nan a miƙa wa mai saye wani kaso na abin da aka rage.

Wannan tsari ya samo asali ne daga ƙasar Jamus. A shekarar 1946 wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a birnin Essen, a lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar jama'a cikin talauci. Suka taƙaita kayansu ga abubuwan da kowane gida yake bukata kuma ba sa saurin lalacewa, suka guji talla da ƙawata shago, duk kayan da ba ya tafiya suka daina sayo shi. Daga nan kamfanin Aldi ya fito, wanda ya ɗauki wannan suna a 1962. Kamfanin Lidl ya buɗe kantinsa na rahusa na farko a 1973.

Sirrin tsarin ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa kaɗan. Babban kanti a Turai yakan ajiye nau'in kaya dubbai masu yawa, amma kantin rahusa ba ya cika wuce dubu biyu. Maimakon man girki iri goma, sai ya ajiye iri biyu, ya saye su da yawan gaske, wanda ke ba shi ƙarfin matsa wa masana'anta ta rage masa farashi. Yawancin kayan ana yi masa su ne da tambarinsa na kansa, don haka babu kuɗin tallar fitattun kamfanoni a cikin farashin. Ana jera kaya a cikin kwalayen da suka zo da su, shagon ƙarami ne, ma'aikata kaɗan ne.

Aldi ya shiga Ingila a 1990, Lidl kuma a 1994, kuma sun daɗe ana yi musu kallon kantunan marasa galihu. Matsin tattalin arzikin 2008 ya fara tura masu matsakaicin hali gare su, kuma a watan Satumba na 2022, ana tsakiyar tsadar rayuwa, Aldi ya shige gaban Morrisons ya zama na huɗu a jerin manyan kantunan ƙasar. An ga irin wannan a Turkiyya da kamfanin BIM da aka kafa a 1995, da kuma Masar da Kazyon da ya fara a 2014.

Halin da ake ciki a Nijeriya

A nan gida, tarihin manyan kantuna ya fi karkata ga masu hali. Kingsway na kamfanin UAC, wanda ya buɗe a Ikko a 1948, da Leventis da UTC, sun dogara ne ga kayan da ake shigowa da su daga waje, kuma ƙarancin kuɗin musaya da faɗuwar Naira na shekarun 1980 suka durƙusar da su. Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo a 2005, ya buɗe reshe a Kano a 2014, ya kuma buɗe wani a cibiyar kasuwanci ta Novare Gateway da ke Lugbe a 2017. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Nijeriya ga masu zuba jari na cikin gida, kuma a watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano.

Dalilin wahalar irin waɗannan kantuna a bayyane yake. Suna biyan haya mai tsada, wadda a cibiyoyi da dama da dala ake ƙayyade ta. Suna kunna na'urorin sanyaya ɗaki da firji dare da rana, da janareta ko da wutar lantarki, kuma a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Duk wannan a kan farashin kaya yake sauka. Kantin rahusa na ainihi sabon abu ne a ƙasar nan. Fitaccen misalinsa shi ne Bokku Mart, wanda ya fara a Ikko a 2022 da ƙananan shaguna a cikin unguwanni.

Ga mazaunin Lugbe, ke nan, neman rahusa zaɓi ne tsakanin wurare huɗu: mai tireda na bakin layi, matsakaitan kantuna na unguwa, manyan kantunan sari da ɗai-ɗai na cikin birni, da kasuwannin gargajiya irin su ta Gosa, wadda take ci ranar Juma'a a kan wannan hanya ta filin jirgi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi sauran araha a kan kowane kaya.

Ma'aunai huɗu

Ma'auni na farko shi ne farashin awo, ba farashin ƙunshi ba. A misali, idan garin sabulu mai nauyin giram 900 yana Naira 2,700, wani kuma mai kilo ɗaya yana Naira 2,900, na farkon ne ya fi ɗaukar ido. Amma in aka raba, kowane giram nasa Naira 3 ne, na biyun kuwa Naira 2 da kwabo 90. A lokacin tsada kamfanoni sukan rage nauyin kaya su bar farashi yadda yake, don haka karanta nauyin da ke jikin leda ko gwangwani wajibi ne. Haka abin yake a kasuwa, inda mudu wani ya fi wani zurfi, kuma cika da toliya ba ɗaya ba ne da shafe baki.

Na biyu shi ne kuɗin zuwa da dawowa. A ɗauka magidanci yana sayen kayan gwangwani da na leda na Naira 80,000 a wata, kuma wani kanti a cikin birni ya fi na unguwarsa sauƙi da kashi 5 cikin 100. Abin da zai rage Naira 4,000 ne. Idan tafiya da dawowa da kaya ta ci Naira 3,000, ribarsa ta koma 1,000. Idan ya kasa sayayyar gida huɗu, yana zuwa kowane mako, ya kashe 12,000 don ya tsira da 4,000, wato ya yi asarar 8,000. Amma in maƙwabta huɗu suka haɗu a mota ɗaya sau ɗaya a wata, kowannensu Naira 750 zai biya, ya koma gida da rarar 3,250. Ma'aikacin da kantin yake kan hanyarsa ta dawowa daga ofis shi ne ya fi kowa cin moriya, tun da babu ƙarin kuɗin mota a kansa.

Na uku shi ne ɓarna. Sayen kaya da yawa yana rage farashi ne kawai idan za a cinye su kafin su lalace. Shinkafa da sukari da taliya da sabulu suna jure ajiya. Wake kuwa ƙwari suna cinsa in ba a adana shi a mazubi mai murfi ba, kuma kaza ko kifin firji dukiya ce da ke hannun wutar lantarki. Kantuna kan karya farashin kayan da wa'adinsu ya kusa cika. Wannan ba laifi ba ne, amma dole mai saye ya duba kwanan watan da lambar Hukumar NAFDAC. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Na huɗu shi ne abin da ido ya gani ya so. An tsara babban kanti ne don mai shiga ya fita da fiye da abin da ya zo nema: burodi mai zafi a kusa da ƙofa, alewa da biskit a gaban mai karɓar kuɗi. Wasu 'yan kaya da kowa ya san farashinsu ake karyarwa don jawo jama'a, a mayar da ribar a kan waɗanda ba a cika kwatantawa ba. Maganin wannan shi ne rubuta jerin bukatu tun daga gida da tsayawa a kansa. Bugu da ƙari, ya kamata a duba rasit kafin a bar wurin. Dokar Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta wajabta bayyana farashi, kuma a watan Fabrairu na 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Garki na ɗan lokaci bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya sha bamban da wanda ake karɓa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin takarda. Mai tireda yana ba da bashi har ƙarshen wata, yana sayar da madara cokali-cokali da magi ƙwaya-ƙwaya, yana kuma buɗe a lokacin da manyan kantuna suka rufe. Kanti ba ya sanin fuskar kowa. Iyalin da suka yanke hulɗa da mai shagon layinsu gaba ɗaya suna iya neman sa ranar da albashi ya makara.

Rabon cefane

Idan aka haɗa waɗannan ma'aunai, abin da ya fi dacewa shi ne a raba cefane gida uku. Kayan masana'anta, irin su man girki da madara da taliya da sabulu, a saye su sau ɗaya a wata a kanti ko wurin 'yan sari. Hatsi da doya da albasa da tumatir da barkono a neme su a kasuwar mako, inda kaya suke zuwa daga gonakin karkara ba tare da sun ratsa hannu da yawa ba, ana iya yin tayi, har a sami gyara. Ƙananan bukatun yau da kullum kuma a bar wa mai tireda. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu da masu adashi suna iya wuce haka, su sayi buhu ko katan su raba, musamman a lokacin kaka da hatsi ke sauka. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar lamari ita ce a zaɓi kaya goma zuwa goma sha biyar da gida ya fi ci, a rubuta farashinsu a wurare uku na tsawon wata biyu.

Darasi ga masu shaguna

Ɗan kasuwar da ya ga abokan cinikinsa suna raguwa yana da abin koyi a tsarin kantin rahusa, kuma ba sabon ilimi ba ne ga wanda ya san kasuwar Singa ko ta Dawanau a Kano, inda ake cin ƙaramar riba a kan kaya masu yawa. A misali, mai jarin Naira miliyan ɗaya da ke ɗora ribar kashi 15 cikin 100, yana juya kayansa sau ɗaya a wata, zai sami 150,000. Wani mai jari daidai da nasa da ke ɗora kashi 5 kawai, amma yana juyawa sau huɗu, zai sami 200,000, kuma kayansa ba sa tsufa a kan kanta. Kayan da ya kwana wata uku ba a taɓa shi ba kuɗi ne aka ɗaure, a lokacin da farashin sake sayo shi ke iya tashi.

Don haka mai shago a Lugbe zai amfana in ya duba littafinsa ya fitar da kayan da suka fi tafiya, ya rage waɗanda ba sa motsi, ya haɗa kai da takwarorinsa su yi sari tare kai tsaye daga wakilin kamfani, ya rubuta farashi a fili, ya kuma iyakance bashi ga waɗanda suka saba biya. Yana da abin da babban kanti ba shi da shi: kusanci da gidajen mutane, ƙarancin haya, da sanin abin da kowane gida yake ci. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai saye da ya koyi auna farashin giram da kuɗin mota zai ci gaba da aunawa ko da kaya sun yi sauƙi, kuma shagon da zai riƙe shi shi ne wanda farashinsa zai jure wannan awo.