Yoyon Baƙin Mai a Bayan Inji: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Injiniya,

Ni direba ne a Samaru. Ina da tsohuwar a-kori-kura Toyota Hilux mai injin 22R na kafireto, wadda na gada wajen yayana. Da ita nake ɗauko masara da waken suya daga Giwa da ƙauyukan Shika zuwa kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, da rani kuma tumatir da albasa. Ita ce cina, ita ce shana.

Damuwata yoyon baƙin mai ne daga tsakanin inji da giyabos. Duk inda na ajiye ta sai ta bar shaida, har mai gidan da nake haya ya fara yi mini magana a kan simintin ƙofar gida. Na kai ta wani gareji a Sabon Gari, aka sauke giyabos, aka canja oyil sil na baya. Ta yi 'yan makonni garau, sai yoyon ya dawo. Aka ce jabu muka saya, na nemo mai tsada aka sa. Ya sake dawowa. Kowane zuwa sai na biya kuɗin saukewa da ɗorawa, ga asarar yinin aiki.

Na lura in tana tsaye inji na aiki a hankali, ɗigon kaɗan ne. Amma in na yi lodi na taka ta a titin Funtuwa, kafin in iso Samaru ƙasanta ya jiƙe sharkaf. Wani lokaci in na buɗe bonet sai in tarar gejin mai ya ɗago da kansa. Akwai kuma wani tiyo a saman murfin inji da ke fitar da hayaƙi yana ɓata wuri da maiƙo, tun bara yarona ya toshe shi da tsohon fulogi, muka huta. Kwanan nan kuloci ya fara karkarwa in zan tashi da kaya.

Bakanikena ya ce injin ya gaji, in nemo na Beljiyam. Wani abokin aiki a tasha ya ce in zuba mai mai kauri da maganin toshe yoyo. Ni kuɗin inji ba ni da shi yanzu. Don Allah mene ne abin yi?

Naka,
Wani direba, Samaru, Zariya

Malam direba,

Kafin ka sake bai wa kowa ko sisi, je ka zare fulogin nan daga tiyo. Ka ambace shi a wasiƙarka kamar wani ƙaramin abu da kuka huta da shi, alhali a ganina shi ne kan gaba cikin waɗanda ake zargi.

Kowane inji, ko sabo fil, iskar ƙonuwa kan sulale ta gefen rin ɗin fistan ta gangara ƙasa inda kiranshaf ke juyawa cikin mai. Dole a ba ta hanyar fita. A 22R hanyar tana saman murfin inji: akwai ɗan bawul da ake kira PCV, tiyonsa na kai iskar cikin manifol a sake ƙona ta, ga kuma tiyo na biyu da ke haɗe da gidan iya kilina. In aka toshe, iskar za ta taru ta nemi wuri mafi rauni, kuma babu mai rauni kamar leɓen roba na oyil sil, wanda ɗan siririn sifirin kaɗai ke riƙe da shi a jikin ƙarfe. An yi shi ne don ya tare mai da ke fantsama, ba don ya yi kokawa da matsin iska ba. Shi ya sa a tsaye ɗigo ne, da lodi a titin Funtuwa kuma ambaliya: lokacin da ka danne totur ne iskar ke yawa. Gejin da ke ɗagowa da kansa ma abin da yake gaya maka ke nan. Ko sil ɗin NOK na asali ka sa, haka zai yi. An bar jaki ana ta dukan taiki.

To, ka zare fulogin, ka cire bawul ɗin ka girgiza shi kusa da kunnenka. Mai lafiya zai yi ƙas-ƙas. In ya yi shiru, datti ya daskarar da shi, canja shi. Kuɗinsa bai kai na tankin fetur ba. Ka hura tiyoyin ka tabbatar iska na wucewa, ka mayar da kowane mazauninsa. Sannan ka tayar da inji ya yi zafi, ka buɗe murfin zuba mai, ka ɗora leda a bakin. In ta ɗan lafe ko ta yi ta rawa kaɗan, lafiya. In kuwa ta kumbura tana neman tashi, hayaƙi na bugowa fuf-fuf, rin ya ci, kuma dalilin da ya sa tiyon ya dami yaronka tun farko ke nan. A nan sai a auna kwamfireshan na silinda huɗun. Sakamakon ne zai nuna ko aikin rin ne ke gabanka, ba hasashen kowa ba.

Akwai kuma tambayar da na tabbata ba a yi ba kafin a kwance ƙusa ta farko: shin daga sil ɗin ne ma man ke fitowa? Mai ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma baya take kora shi, don haka kusan duk yoyon da ke jikin inji a bakin giyabos yake taruwa ya ɗiga. A 22R akwai wata 'yar roba mai siffar rabin wata a bayan kan silinda, ƙarƙashin gaskit ɗin murfin sama, dab da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, inda ido ba ya kaiwa. In ta bushe, man zai gangaro ta bayan inji ya fito daidai inda kake ganinsa. Haka gaskit ɗin botom filet daga baya, haka suwic ɗin fitilar mai. A wanke injin tas da kananzir da omo, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai a bayansa daga sama har ƙasa, a tayar na minti goma sha biyar. Ka sa tocila da guntun madubi ka duba. Inda hodar ta fara jiƙewa daga sama, nan ne mafari. Ka kuma shinshina ɗigon: baƙin mai ƙaurin ƙonuwa yake yi, man giya kuwa wari gare shi mai hawa kai irin na farar wuta. In na giya ne, sil ɗin gaban giyabos ne, kuma an yi ta canja wanda ba shi da laifi.

Karkarwar kuloci ta sa na fi karkata ga cewa man a cikin gidan kuloci yake, wato dai giyabos zai sake sauka. Wannan karon ka tsaya a wurin, kada ka tafi shan shayi. Tun kafin a cire fulawil, a sa liba a tura shi gaba, a jawo shi baya. Toyota ta ƙayyade wasan kiranshaf na wannan inji tsakanin milimita 0.02 da 0.22, iyakarsa 0.30, abin da da ƙyar hannu ke ji. In ka ga motsi da ido ko ka ji ƙwas, wasoshin da ke tare kiranshaf sun cinye, kuma hakan kan faru ga motar da direbanta ke ajiye ƙafa a kan kuloci, kamar yadda da yawanku ke yi a cunkoson Kwangila. Kiranshaf mai kai-da-komo ba ya barin sil ya zauna lafiya. Haka in metal ya sake. Alamarsa fitilar mai na ƙyaftawa in inji ya yi zafi yana tsaye.

Bayan an zare tsohon sil, a goge bakin kiranshaf, ka bi shi da farcenka. Shekaru na gogayya kan sa roba ta yi wa ƙarfe zobe. In farce ya maƙale, sabon sil zai faɗa cikin wannan ramin, ya riƙe na 'yan makonni, ya saki, daidai labarin da ka ba ni. Ƙurarmu na da hannu a ciki. Akwai ɗan faifan ƙarfe da ke rufe ƙasan fulawil, wanda yaran gareji kan manta a gefen rami su ce ba shi da amfani. In babu shi, ƙurar hunturu da yashin hanyoyin Giwa za su shiga su haɗu da mai su yi ta gurzar wurin. Duba ko naka yana nan. Maganin zoben biyu ne: ko a zaunar da sabon sil ɗan nesa kaɗan da tsohon gurbi don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe, ko a sa siririyar riga ta ƙarfe a bakin kiranshaf, irin wadda SKF ke yi da suna Speedi-Sleeve. In ba ka samu a Sabon Gari ba, a tambaya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da awon kaurin wurin. Kada ka yarda a bi shi da sanfefa mai kaushi.

Sanyawar ma aiki ce. Na sha ganin ana buga sil da sukudireba da guduma, gefe ɗaya ya shige, ɗayan na waje, sifirin ya fice ba wanda ya sani. A kwance gidan sil ɗin gaba ɗaya, a ajiye a kan katako, a tura sabon daidai wa daida da tsohon ko da guntun bututu mai faɗinsa, leɓe na kallon cikin inji, a shafa masa mai kafin a zura. A sa sabon gaskit, gam kaɗan a inda gidan ya haɗu da botom filet. Filet ɗin kuloci da ya sha mai ba ya wankuwa, canja shi; fulawil da fireshan filet ne ake wankewa.

Shawarar abokinka ta tasha ba ta da mazauni. Maganin toshe yoyo kumbura busasshiyar roba yake yi, naka kuwa sabuwa ce. Mai 20W-50 ya ishi wannan inji a zafin Zariya, kuma in za ka yi juye kada ya wuce layin sama na geji, don cikawa fiye da kima ita ma tana tura mai bakin sil.

Maganar injin Beljiyam kuwa, bakanikenka ya yi gaggawa. 22R na ɗaukar gyara, kayansa kuma ba su yi wuya ba. Sai in awo ya nuna rin ya ci, metal ya sake, kiranshaf kuma na buƙatar gurza, sannan za ka zauna ka kwatanta kuɗin obaholin da na wani injin. In ta kai ga saye, ka tuna shi ma tsoho ne, Toyota ta daina sa shi a mota tun shekarun 1990. Ka yi masa gwajin liba da na farce tun yana ƙasa a shago, ka sa a canja sil ɗin bayansa da robar rabin watan kafin a ɗaga shi a ɗora.

Injiniya