Tukunyar kuran ta dafa shinkafa: ka karanta gindinta kafin ka biya



A watan jiya na ziyarci wata cibiyar yaƙi da jahilci a wani ƙauye na jihar Maradi. Bayan an tashi darasi, wata dattijuwa ta tare ni da kwali bisa kai. Ta sauke, ta buɗe. Cikinsa akwai wata farar tukunya mai marfi, da waya a bayanta kamar wutsiya.

Ta ce: «Malam, ɗana ne ya aiko mini ita daga ci-rani. An ce ita kaɗai take dafa shinkafa, ba icce, ba hayaƙi. Mun kai ta gidan maƙwabci mai kuran, mun jona. Ta yi zafi, ta yi wari, ta mutu. Ko hannu aka sa mata?»

Na ce: «Inna, juya ta mu ga gindinta.»

A gindin akwai ƴar takarda manne. Na nuna mata lamba guda. Ita da kanta ta karanta, don ta iya lambobi: 120 V. Ba wanda ya sa wa tukunyar hannu. An ƙera ta ne don wutar Amurka, ɗan ya saye ta cikin kayan gwanjo. Wutarmu ta fi ƙarfinta, ta ƙone ta. Kuɗin guminsa sun tafi a banza.

Wannan tukunya ta fara shiga kasuwanninmu da gidajen da kuran ya kai. Shi ya sa darasin yau a kanta yake.

Yadda take sanin shinkafa ta nuna

Tukunya biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ana fitar da ita, ita ake zuba wa shinkafa da ruwa. Ta waje tana da faifan ƙarfe a ƙasa, shi ke yin zafi in kuran ya shiga. A tsakiyar faifan akwai wani ɗan maɓalli mai tasowa, yana taɓa gindin tukunyar ciki. Shi ne mai gadi.

Zafi da digiri ake auna shi. Ranar bazara mai tsanani takan kai digiri 45. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. Muddin akwai ruwa cikin tukunya, zafinta ba ya wuce 100, ko da wace irin wuta aka sa mata. In shinkafa ta shanye ruwan, sai zafi ya fara hawa. Mai gadin ya ji, ya saki makunni. Ka ji ƙas! Dahuwa ta tsaya, saura ɗan ɗumi, wajen digiri 60 zuwa 70, don kada abinci ya huce.

Wannan dabara daga Japan ta fito. A shekarar 1955 kamfanin Toshiba ya fara sayar da tukunyar da ke kashe kanta. Wanda ya ƙera ta sunansa Yoshitada Minami. Matarsa Fumiko ce ta yi ta dafa shinkafa, cikin sanyi da cikin zafi, tana rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna, har aka gane sirrin. Ashe da rubutun mace aka yi wannan tukunya.

Harafi uku a gindin tukunya

Kowace tukunya tana da takarda ko rubutu a gindinta. Ka nemi harafi uku: V da W da L. Kowane yana da lamba a gabansa.

V yana nuna irin wutar da tukunya ke ci. Wutar NIGELEC 220 V ce. In ka ga 220, ko 230, ko 240, ta dace da mu. In ka ga 100, ta Japan ce. In ka ga 110 ko 120, ta Amurka ce. Ka aje ta, komi arharta, komi kyanta. Mai kanti zai iya ce maka ba komi. Ba shi zai yi asara ba.

L yana nuna girmanta da litir. Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Tukunyar tana zuwa da ɗan kofinta na roba. Kofin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na litir ba: mililitir 180 ne. Yana ɗaukar ɗanyar shinkafa wajen giram 150, abin da zai ishi babban mutum ɗaya in ba mai ci ba ne ƙwarai. Tukunya mai 0,6 L kofi 3 take ɗauka. Mai 1 L kofi 5. Mai 1,8 L kofi 10, wato kilo ɗaya da rabi. Tiya guda ta shinkafa ta wuce kilo 2. Ke nan ko mai kofi 10 ba ta ɗaukar tiya. In gidanku mutum 15 ne, ƙaramar tukunya ba za ta ciyar da ku ba. Ta dace da ango da amarya, da malamin lakkol da aka turo ƙauye, da ɗalibai masu haya, da tsohuwa mai girkin kanta.

W shi ne wat, yana nuna yawan wutar da take ja. Wannan ne babban harafi ga mutanen karkara, don haka mu tsaya a kansa.

Ƙwan fitila na zamani wat 5 ko 10 yake ci. Cajin salula ma kusan haka. Amma ƙaramar tukunyar shinkafa tana cin wat 300 zuwa 500. Mai kofi 10 tana cin wajen 700. Mu yi lissafi: 500 a raba da 10, ya ba da 50. Tukunya ɗaya daidai take da ƙwai 50 a kunne lokaci guda.

A ƙauyukanmu gidaje da yawa suna da pano na hasken rana, da batir guda. Yana kunna fitila, yana caja salula, wani har talabijin. Mai gida ya ga haka, sai ya ce yana da kuran. I, yana da shi, amma irin na fitila. Pano mai wat 50 ko 100 da ƙaramin batir ba sa ɗaukar tukunya mai wat 500. In aka tilasta, akwatin da ke juya wutar batir zai yi kuka ya kashe kansa, ko ya ƙone. Batir kuma zai mutu da wuri, shi ne mafi tsada cikin kayan. Wanda ke da manyan pano, ya tambayi wanda ya haɗa masa su kafin ya saya. In ya yarda, a yi girkin da rana tsaka, lokacin da pano ke samun rana sosai.

Wanda kuma maƙwabci ya ja wa waya daga kwantarsa, ya yi shawara da shi tukuna. Siririyar wayar da aka ja don fitila tana zafi in tukunya ta hau ta. Waya mai zafi kusa da zana ko rufin ciyawa, kun san abin da ke biyo baya.

Kuɗin wuta nawa?

Kwantar NIGELEC tana ƙirga wuta da kilowat-awa. Wat 1000 na tsawon awa ɗaya shi ne kilowat-awa 1. Tukunya mai wat 500 tana gama shinkafa cikin kusan rabin awa. Rabin 500 shi ne 250. Girki 4 ke nan ke cika 1000. In kullum sau ɗaya ake girki, kwana 30 sun ci kilowat-awa 7 da rabi. Ka ɗauko takardar kuɗin wutarka, ka ga nawa ake sayar maka da guda, ka ninka. Sannan ka tambayi uwargida nawa take kashewa ga icce ko gawayi don shinkafa kaɗai. Ku gwada lissafin biyu.

Akwai ɓarawo guda a nan, shi ne ɗumin da ke biyo bayan dahuwa. Yana cin wajen wat 40. Kaɗan ne, amma in aka bar tukunya jone awa 10, ya ci 400. Ya fi girkin kansa. In an gama, a cire waya.

A cikin kanti

Kada ka karɓi kwali a rufe. Ka sa a buɗe. Ka fito da tukunyar ciki, ka dubi gindinta. In ya lotsa, ba zai zauna daidai bisa faifai ba, shinkafa za ta nuna gefe guda. Ka danna maɓallin tsakiya da yatsa. Ya kamata ya nutse, ya taso da kansa. Sannan ka sa a zuba ruwa kaɗan, a jona a gabanka. Fitila biyu ne a gaba. Ɗaya an rubuta mata COOK, ita ce ta dahuwa. Ɗaya WARM, ita ce ta ɗumi. In ka danna makunni, ta dahuwa ta kama, ruwa ya fara zafi, to tana aiki. Ka ƙirga kayanta: marfi, kofi, cokalin roba, waya.

A ganina, mai makunni guda ta fi mana. Masu lambobi da maɓallai barkatai sun fi tsada, ba su son wutar da ke hawa tana sauka, kuma samun mai gyaransu a ƙauye wuya ne.

Ka dubi kan wayar kuma. Kaya da yawa na kasuwannin Maradi da Damagaram daga Najeriya suke shigowa. Kan wayarsu ƙafa uku ne masu faɗi. Priz ɗinmu kuwa ramukansa zagaye ne. Na sha ganin mutum ya yanke kan, ya cusa tsirarar waya cikin priz, ya tokare da tsinken ashana. Wannan wasa da rai ne. A kai wa mai gyaran wuta ya canja kan.

Girki

A auna shinkafa da kofinta. Shinkafarmu ta bakin kogi, ta Gaya da Kollo da Tillaberi, tana da daɗi, amma wadda aka sussuka a ƙasa takan zo da tsakuwa. A tsince ta, a rege ta cikin ƙwarya ko kwano. Kada a wanke ta cikin tukunyar ciki, tsakuwa na kankare shafen da ke hana kamu.

A zuba shinkafa. Jikin tukunyar daga ciki akwai layuka da lambobi. In kofi 3 aka zuba, a ƙara ruwa har layi mai lamba 3. Shinkafa ke fara shiga, ruwa ya biyo. In kofin ya ɓace, layukan ba su da amfani kuma. Sai a auna da kofi guda: shinkafa 1, ruwa 1 da rabi. Gumi, wato wadda aka turara kafin a casa, tana son ruwa kusan 2. Tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa shan ruwa. Girkin farko gwaji ne. Ke da kika iya rubutu, ki rubuta a littafinki: kofi nawa, ruwa nawa, yadda ta fito. Na uku ba zai ba ki kunya ba.

A goge gindin tukunyar ciki da tsumma, ya bushe sarai. A tabbata ba ƙwayar shinkafa bisa faifai. A zaunar da ita, a rufe, a jona, a danna. Ba a buɗewa, ba a motsawa. In ta yi ƙas, a bar ta minti 10 zuwa 15, tururi ya gama aikinsa. A kwashe da cokalinta na roba ko na icce, ban da na ƙarfe.

Dafa-duka tana yiwuwa, in an soya kayan miya a wani wuri an zuba. Shinkafa da wake ma haka, amma sai an fara dafa waken ya yi laushi, don ya fi shinkafa daɗewa. Tuwo kuwa ba aikinta ba ne, ba ta jure muciya. Miya ma tana nan tana jiran murhu. Mu da hatsi ne abincinmu na kullum, kada mu zaci wannan tukunya za ta raba mu da icce. Tana rage shi ne, tana rage hayaƙin da ke cin ido da ƙirji, tana ceton mai girki ranar da ruwan damina ya jiƙa icce. Gidan da ba kuran, murhu mai tattalin icce irin Mai Sauƙi ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

A ɗora ta bisa tebur ko benci, ba bisa tabarma inda yaro ke rarrafe ba. Tururin da ke fita ta ramin marfi yana ƙuna kamar tafasasshen ruwa. Kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, ko ana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tukunyar ciki da marfi kaɗai ake wankewa, da soso mai laushi, ban da yashi da toka. Ta waje ba ta shiga ruwa ko kaɗan. A cire waya, ta huce, a goge ta da tsumma.

In an ɗauke kuran

Wannan kam ba sai an gaya muku ba, musamman da bazara. In wuta ta tafi shinkafa na tsakiyar dahuwa, a juye ta cikin tukunyar gida, a ƙarasa bisa murhu. Kada a ɗora tukunyar ciki bisa wuta. Gindinta zai lanƙwashe, ta daina zama bisa faifai.

In kuma shinkafa ta riga ta nuna, a ci ta da zafinta. Dafaffiyar shinkafa da ta huce ta wuni cikin zafin ɗaki tana haifar da ƙwayoyin cuta masu sa amai da zawo. Dafinsu ba ya mutuwa ko an sake ɗumama ta. Ga babba wahalar kwana ɗaya ce, ga ƙaramin yaro tana iya kai shi likita. Wanda ba shi da firigo, ya auna daidai cikin mutanen gida.

Aikin gida

Ga abin da aka rubuta a gindin wata tukunya: 220 V, 400 W, 1 L. Shin ta dace da wutar ƙasarmu? Kofi nawa take ɗauka, kuma giram nawa ke nan na shinkafa? In tana aiki rabin awa kullum, kwana nawa za ta yi kafin ta ci kilowat-awa 1? Ku rubuta amsa a littafinku, ku kai wa malaminku ranar darasi mai zuwa.