Zanen dutse na kowa ne, hotonsa da mai shi

Shekarun baya na haɗa wa ɗalibaina a Dingaya 'yar takardar darasi kan zanen shanun nan na Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu. Na samu hoto a Facebook, fes da shi, har ƙahonnin saniyar ana gani. Sunan wanda ya ɗauka na ƙasa. Na sa mai kwamfuta ya yanke sunan don shafin ya yi tsaf, muka buga, yara suka biya kuɗin takarda. Ashe yayan wata ɗaliba abokin mai hoton ne. Mai hoton bai yi faɗa ba, waya kawai ya bugo: "Malam, da ka tambaya ai da na ba ka wanda ya fi wannan." Na rasa bakin magana.

A tunanina, abin da mutanen dā suka zana a jikin dutse ba mai shi. Haka ne, amma ga zanen. Wanda ya hau babur ya sha rana, ya tsaya jiran haske ya sauka kan dutsen, hoton nasa ne, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kare hoto har shekara 50 bayan an fara fito da shi ga jama'a.

Dokar ba ta ɗaure malami ba. Kana iya nuna hoto a aji don misali, muddin ba ciniki kake ba, kuma ka ambaci mai shi. Ni kuwa na goge suna, ga kuɗi ya gitta.

Yanzu Wikimedia Commons nake fara dubawa, kuma ina karanta sharaɗin da ke ƙarƙashin kowane hoto, domin yawancinsu suna neman a rubuta sunan mai ɗauka.

Akwai kuma wanda muka fi sakaci da shi: hotunan yaranmu da muke watsawa a WhatsApp ranar rabon kyaututtuka. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sanya yardar iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro. A garinmu ma ba sai an kai ga doka ba, uban budurwa ya isa ya tare ka a bakin masallaci.

Takardar nan na sake buga ta da wani hoto da mai hoton nan ya turo mini, sunansa na ƙasa.